RA'AYINMU: Kai Ina Ka Je Hutu?



Tun da aka dawo daga dogon hutu, hira ɗaya ake yi a gindin darbejiya idan an fita tara: "Kai ina ka je?" Wanda ya je birni shi ke da bakin magana. Wanda ya yi hutunsa a gona nan Balan sai ya yi tsit kamar mai laifi. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin wannan kuskure ne.

Ran nan mun saurari wasu abokai biyu. Na farko ya je Kano, har ya hau Dutsen Dala ya ɗauko hotuna. Da aka tambaye shi me ya sa dutsen yake ja, sai ya hau sosa ƙeya. Na biyu bai je ko'ina ba. Da rana noma, da yamma karatun Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933. Da ya fara ba da labarin yadda Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, sai da aka kaɗa ƙararrawa muka watse.

To, a cikinsu wa ya dawo da tsaraba?

Jan da Dala yake yi alama ce ta tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su suka fara zuwa gindinsa neman tama, har ma aka ce sunan Kano na ɗaya daga cikinsu ne. Ashe abokinmu sawun kakanninsa ya taka bai sani ba!

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai an murɗa. Murɗawar ita ce karatu da tambaya.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu na tarihi da labarin ƙasa su shirya mana ziyarar Dala a wannan zango, kowa ya tafi da biro da takarda. Mu kuma ɗalibai, mu daina raina wanda bai yi tafiya ba. Mu riƙa tambayar juna: "Me ka koyo?"

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida