Murar Kaji Ba Matsalar Gida Ɗaya Ba Ce



Duk shekara da zarar iskar hunturu ta kaɗa, labari ɗaya ake ji a gidajenmu. Kaji sun fara atishawa, suna buɗe baki suna jan numfashi da ƙyar, cikin dare kana jiyo su daga akurki kamar masu minshari. Kafin mako ya zagayo, matar da ke da kaji 15 ta koma da 3. Sai a ce annoba ce ta shigo gari, a jira baɗi. A ganinmu wannan asara ba dole ba ce, kuma gida ɗaya ba zai iya tare ta shi kaɗai ba.

Abin da muke kira mura ba cuta ɗaya ba ce. Akwai wadda ke kumbura wa kaza fuska da ido, ta sa hancinta majina mai wari. Akwai mai jan lokaci, kaza na tari tana ramewa, ƙwai ya ragu. Waɗannan biyun bakteriya ke kawo su, kuma suna jin magani idan likitan dabbobi ya zaɓi wanda ya dace, sai dai kazar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar tana raba wa sauran. Amma wadda ke share akurki ita ce cutar Niyukasul: koren kashi, fukafukai a ƙasa, wani lokaci wuya ya murɗe. Ita bairos ce, kuma babu kafson da ke kashe bairos.

A nan ake zubar da kuɗi. Kaza na kwantawa sai a aika yaro kemis ya sayo ja da yalo, a fasa a ruwan sha, a ƙara da barkono da ɓawon maɗaci. Ba raina dabarun iyayenmu muke yi ba. Amma idan Niyukasul ce, wadda za ta mutu sai ta mutu, wadda ta tsira kuma ƙarfin jikinta ne ya cece ta. Ga kuma ragowar maganin yana zama a nama da ƙwai na wasu kwanaki, mu da yaranmu mu ci.

Abin da ya fi wannan muni shi ne kai kaza mai ciwo kasuwa. Mun san dalilin: kaza ita ce bankin matan gida, ita ce kuɗin littafin yaro da na sabulu, gara a karɓi rabin kuɗi da a tashi a tutar babu. Amma a tuna inda za ta. Za a cusa ta keji ɗaya da kajin ƙauyuka daban-daban, wani ya saye ta da murnar ya samu araha, ya sake ta cikin nasa. Asarar da aka guje wa an ɗora wa wani ne ninki goma. Wannan ba ciniki ba ne, algus ne, kuma ba ma buƙatar a faɗa mana hukuncin ɓoye aibin kaya.

Kajinmu ba su san katanga ba. Juji ɗaya suke tono, ruwan kwata ɗaya suke sha. Don haka mushen da aka jefa a juji ya zama na unguwa duka. A binne shi da zurfi ko a ƙona.

To mene ne mafita? Rigakafi, kuma tun kafin sanyi ya shigo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasul, ciki har da mai suna I-2 wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza, babba ko ɗan tsako, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. Kaza mai lafiya ake yi wa. Wadda ta riga ta kamu ba ya warkar da ita.

Wani zai ce kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba a ajiye ta. Gaskiya ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da ke iya riƙe adashi shekara da shekaru za su iya haɗa kuɗin kwalba, a sa rana, a kira ma'aikacin dabbobi ya bi gida-gida.

Sauran matakan ba sa cin kwabo. Sabuwar kaza, ko ta kasuwa ce ko ta kyauta, a keɓe ta mako 2 zuwa 3. Wadda ta fara ciwo a raba ta da sauran nan take. A riƙa share akurki, kuma kada a toshe shi ruf saboda sanyi, domin warin kashin da ya taru yana ƙona musu hanyar numfashi.

Idan kuwa kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, a hana yara taɓa su, a sanar da likitan dabbobi. Ba mu manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jaji ta jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya ta Nijar. Ita tana iya kama mutum.

Mu da muke koyon riƙe alƙalami muna da aiki a nan. Yawancin bayanin da ke jikin kwalaben nan da Turanci yake, masu kajin kuwa Hausa suke ji. Kafin hunturun bana, kowannenmu ya kai wannan magana gidansu da gidan maƙwabta.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.