A Kai Iri Ƙauyukan Adar Kafin Ruwan Shuka

Guggurun da ake sayarwa a kasuwar Tawa na masara ne, masara kuwa ba ta jure ƙishirwar tudun Adar. Hatsi ke riƙe da gidajen Kalfu da Barmu. Bayan farin 1973 aka kafa INRAN a 1975, ma'aikatanta na Tarna suka ci gaba da tace iri kamar HKP, mai nuna cikin wata 3, tun ruwa bai ɗauke ba.

Amma iska ke yi wa hatsi barbara. In HKP ya yi maƙwabtaka da irin gida, cikin 'yan damuna kaɗan ya gauraye, saurinsa ya ragu. Wajibi ne hukumomin gona su riƙa sabunta shi, ya isa hannun manomi kafin watan Yuni.