Newtown Jets: Ƙungiyar unguwar da aka kora daga babbar gasa amma ta ƙi mutuwa

Duk ranar Asabar da ƙungiyar Newtown Jets ke wasa a gida, a filin Henson Park da ke unguwar Marrickville a birnin Sydney na Ostireliya, mai sanarwa kan ɗauki lasifika ya faɗi yawan 'yan kallo: mutum 8,972. Ko filin ya cika maƙil, ko ruwan sama ya kori kowa sai 'yan tsiraru, adadin ba ya canzawa. Jama'a su yi shewa, domin kowa ya san raha ce da ta zama al'ada. Magoya baya na zaune a kan tudun ciyawa, wasu da karnukansu, kuma da an tafi hutun rabin lokaci yara kan kwarara cikin fili su yi ta jifan ƙwallo.

Wanda ya ga wannan ba zai ɗauka ƙungiyar ta taɓa zama zakarar babbar gasa har sau uku ba. Fiye da shekara 40 ke nan da aka cire ta daga rukunin manya, a lokacin da masana harkar suka gama yi mata jana'iza. Dalilin da ya sa take raye har yau abin dubawa ne ga duk mai tunanin cewa darajar ƙungiyar wasa tana ga rukunin da take bugawa kaɗai.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wanda ya bambanta da mai 'yan wasa 15. Asalinsa rigimar kuɗi ce. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield saboda hukumar wasan ta hana a biya ma'aikatan ma'adinai da na masaƙu diyyar aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Irin wannan ƙorafi ya kai Sydney, inda aka fara sabuwar gasa a 1908. Newtown na cikin waɗanda suka kafa ta, bayan wani taro da aka yi a zauren majalisar unguwar a watan Janairun shekarar.

Newtown ta wancan zamani unguwar leburori ce, mai ƙananan gidaje a jere, kusa da masana'antu da ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Eveleigh. 'Yan wasan maƙwabtan 'yan kallo ne. Da shuɗiyar rigarsu suka ci kofi a 1910 da 1933 da kuma 1943. A na ƙarshen, kyaftin ɗinsu Frank Farrell ne, ɗan sanda da ake wa laƙabi da Bumper, wanda ake shakkarsa a fili kamar yadda ake shakkarsa a titi. Shi kansa filin Henson Park tsohon ramin haƙar ƙasar bulo ne da ruwa ya cika, har yara suka riƙa nutsewa a ciki, kafin ƙaramar hukuma ta cike shi ta buɗe filin wasa a 1933. A nan aka yi tseren keke na gasar ƙasashen daular Birtaniya ta 1938.

Faɗuwar ƙungiyar ba a dare ɗaya ta zo ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalan ma'aikata suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwanni a yammacin Sydney, masana'antu suka fara rufewa, baƙin da suka maye gurbinsu, musamman daga Girka da sauran ƙasashen kudancin Turai, suka zo da son ƙwallon ƙafa. Yaran da ƙungiyar ke raino suka ragu. Ga kuma batun kuɗi: tun da jihar New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen kulob a 1956, ƙarfin kowace ƙungiya ya koma kan girman gidan kulob ɗinta. Masu manyan gidaje a unguwannin da ke bunƙasa suka sayi 'yan wasa, Newtown ta yi ta cin bashi.

An yi ƙoƙari. Attajirin harkar talla John Singleton ya zuba kuɗi, a 1973 aka sauya mata laƙabi daga Bluebags zuwa Jets, a 1977 har aka ɗauko Manfred Moore, ɗan wasan ƙwallon Amurka, don a ja hankalin jama'a. A 1981, ƙarƙashin koci Warren Ryan da kyaftin Tommy Raudonikis, ta kai wasan ƙarshe, tana kan gaba da maki 11 da 7 bayan hutun rabin lokaci, kafin Parramatta ta juya wasan ta ci 20 da 11. Shekara biyu kacal bayan haka, a ƙarshen kakar 1983, hukumar gasar ta cire ta saboda bashi. Shirin da aka yi na mayar da ita garin Campbelltown, can kudu maso yammacin birnin, bai yiwu ba.

A lissafin masu gudanar da gasar, magana ta ƙare. An taɓa yin haka ga Annandale a 1920 da Glebe a 1929, kuma babu wanda ya ga sun dawo cikin manya. Sai dai wasu tsofaffin 'yan wasa da magoya baya sun ƙi rufe littafin. A farkon shekarun 1990 suka shigar da ƙungiyar wata ƙaramar gasa mai suna Metropolitan Cup, inda 'yan wasa ke zuwa atisaye bayan sun tashi daga aiki. Ta ci kofin a 1992, sannan sau uku a jere daga 1995 zuwa 1997. A shekarar 2000 ta hau rukuni na biyu na jihar, inda take har yau. Ta zama zakara a 2012 da 2019 da 2024. A 2019 ma ta ƙara da doke Burleigh Bears, zakarun jihar Queensland, da makin da ta ci a daƙiƙun ƙarshe.

Abin lura shi ne abin da ya samu takwarorinta da suka tsaya a sama. Rikicin Super League na tsakiyar shekarun 1990, wanda a zahiri faɗa ne tsakanin manyan kamfanonin talabijin kan haƙƙin nuna wasa, ya ƙare da rage yawan ƙungiyoyi. Balmain da Western Suburbs suka haɗe suka zama Wests Tigers. St George ta haɗe da Illawarra. North Sydney ta shiga auren dole da tsohuwar abokiyar gabarta Manly, auren ya mutu, Manly ta tafi da gurbin. South Sydney kuwa korar ta aka yi a 1999, sai da dubban mutane suka yi zanga-zanga a titi, aka yi shari'a, kafin ta dawo a 2002. Newtown, da yake an riga an jefar da ita, babu wanda ya nemi ta sayar da sunanta ko ta bar filinta. Rigarta shuɗiya ce har yanzu, kuma a Henson Park take wasa.

Akwai masu ganin wannan duk daɗin baki ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Newtown ta yau ƙungiyar raino ce: ta yi wa Sydney Roosters wannan aiki, tun 2015 kuma take yi wa Cronulla Sharks. Da yawa daga cikin 'yan wasanta na Cronulla ne, duk wanda ya haskaka a ɗauke shi mako mai zuwa, kuma idan yarjejeniyar ta watse dole ta nemi wani uban gida. Sannan unguwar kanta ta canza. Gidajen leburorin da suka kafa ƙungiyar yanzu sai mai hali ke iya saye, kuma wasu daga cikin masu zama a kan tudun ba su taɓa jin sunan Bumper Farrell ba.

Duk da haka, hujjar ba ta rushe abin da ke ƙasa ba. 'Yan wasa dama masu wucewa ne a kowace ƙungiya, har da manyan. Abin da ke dawwama shi ne wurin da mutane suka san za su haɗu, da masu aikin sa-kai da ke tsaron ƙofa da sayar da riguna, da kuɗin shiga da magidanci zai iya biya wa iyalinsa duka. Batun baƙi kuwa, a nan ne ma ƙungiyar ta fi nuna amfaninta. A 1983 rashin iya jawo sababbin mazauna unguwar na cikin abin da ya kayar da ita. Yau ta iya, kuma tsohon da ya kalli wasan 1981 yana zama a ciyawa ɗaya da wanda ya tare a unguwar bara. Wurare irin wannan sun yi ƙaranci a manyan birane.

Tambayar da ke tafe ita ce ta komawa sama. Gasar NRL na faɗaɗa: an sanar cewa a 2027 sunan Bears na North Sydney da launukansa za su dawo cikin manya, amma a birnin Perth, fiye da kilomita 3,000 daga unguwar da aka haife shi. Wata ƙungiya daga Papua New Guinea za ta biyo baya a 2028. Ba mamaki a ci gaba da kwaɗaita wa Newtown irin wannan ciniki, domin suna mai shekara fiye da 100 kadara ce da 'yan kasuwa ke so. Magoya bayan Bears da suka yi shekaru suna jira suna da haƙƙin murnarsu. Amma ga Newtown, wadda ta taɓa gwada ƙaura a 1983 ta ga yadda ta kaya, karɓar gurbi a wani gari mai nisa tamkar sayar da gona ne a sayi fartanya.

Nauyin da ke kan hukumomi ya fi sauƙi. Hukumar wasan ta daina kallon rukuni na biyu a matsayin ma'ajiyar 'yan benci, ta ba shi kaso mai tsoka daga kuɗin talabijin domin ƙungiyoyi irin Newtown su rage dogaro da uban gida. Ƙaramar hukumar Inner West kuma, da take gyaran Henson Park tana raba shi da wasu wasannin, ta tabbata ba a rushe tudun ciyawar an kafa kujerun masu kuɗi ba, kuma ba a hana yara shiga fili a hutun rabin lokaci ba. Idan an kiyaye waɗannan biyu, mai sanarwa zai ci gaba da samun waɗanda za su yi masa shewa duk lokacin da ya ce 8,972.