Kundin Majiyyaci a Kwamfuta da Sabon Salon Kuskuren Magani

A shekarar 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke rasuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kurakuran da ake tafkawa wajen kula da su. Daga cikin kurakuran akwai na magani: rubutun likita da ba ya karantuwa, adadin da ya wuce kima, da ƙwayar da jikin majiyyaci ba ya karɓa. Wannan ya sa aka ɗora fata kan adana bayanan majiyyata da rubuta magani a kwamfuta, har dokar HITECH ta 2009 ta ware kuɗi don ƙarfafa asibitoci su rungumi tsarin.

Fatan yana da tushe. Binciken David Bates da abokan aikinsa a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, wanda aka buga a 1998, ya nuna cewa rubuta magani ta kwamfuta ya rage manyan kurakurai da kashi 55 cikin ɗari. Na'ura ba ta da mummunan rubutu, kuma tana iya tunatar da likita idan magunguna biyu ba sa jituwa.

Sai dai kuskuren da aka kora ta ƙofa yakan dawo ta taga. A 2005 Ross Koppel da abokan aikinsa suka gano hanyoyi 22 da tsarin ke sauƙaƙa kuskure a wani asibitin koyarwa na Amurka. Abin da ya faru a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a 2013, wanda Robert Wachter ya bayyana a littafinsa na 2015, ya fi fito da lamarin fili. Likita ta shigar da lamba 160 da nufin miligiram 160, alhali allon yana lissafi ne bisa kowane kilo na nauyin yaro. Kwamfuta ta yi gargaɗi, likitar da mai harhaɗa magani suka tsallake shi, domin gargaɗi marasa amfani sun riga sun gundure su. Na'urar ɗakin magani ta ƙirgo ƙwayoyi 38 da rabi maimakon ɗaya. Ma'aikaciyar jinya ta yi shakka, amma da na'urar tantancewa ta nuna daidai ne, sai ta ba yaron ya shanye. Ya kamu da farfaɗiya, da ƙyar aka ceto shi.

Darasin shi ne, a zamanin takarda da wuya hannun mutum ya ƙirga ƙwayoyi 38 bai tsaya ya yi tambaya ba. Amincewa da na'ura ce ta danne shakkar da ya kamata ta kare yaron.

Don haka sayen manhaja bai isa ba. Wajibi ne a rage gargaɗi zuwa waɗanda ke da haɗari na gaske, a sa iyakar da na'ura ba za ta bari a wuce ba, a sa likitoci da ma'aikatan jinya cikin tsara allon da za su yi aiki da shi. Mafi muhimmanci, a ba ƙaramin ma'aikaci damar dakatar da magani ya yi tambaya ba tare da tsoron tsawa ba. Asibitocin da yanzu suke barin takarda suna da damar koyon wannan kafin wani majiyyaci ya biya kuɗinsa da ransa.