Masu Cewa Toyota Za Ta Zama Nokia, Ku Zo Mu Yi Lissafi

Yau ba darasin saita waya za mu yi ba, magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai wani zance da masu bidiyon fasaha suke ta maimaitawa a Facebook da TikTok, wai kamfanin Toyota ya yi barci, ya ƙi rungumar motar lantarki, don haka abin da ya faru da Nokia shi zai faru da shi. Wannan ya faɗa, wancan ya kwafa, har ya zama kamar karatu. Ni mai gyaran waya ne, batir shi ne abincina kullum, kuma ina cewa wannan kwatancen bai zauna ba. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da Toyota take yi a zahiri. Ita ce ta fito da Prius a Japan a 1997, mota mai haɗa injin fetur da ƙaramin batir, wadda ake kira haibirid. Ba a jona ta a soket, injin da birki ne suke yi wa batirin caji tana tafiya. A Disamba 2021 kamfanin ya sanar cewa zai fitar da nau'i 30 na mota mai batir zalla kafin 2030, yana kuma son ya riƙa sayar da miliyan 3.5 a shekara. Ta farko da ya fito da ita da gaske, bZ4X, ta ba shi kunya a 2022, don sai da aka janye ta daga kasuwa saboda notin taya yana iya kwancewa. Wannan gaskiya ne, ba na ɓoye shi. Amma tsarin kamfanin bai canza ba: haibirid, haibirid mai soket, mai batir zalla, mai iskar haidurojin, kowace ƙasa a kai mata wadda za ta iya. Shugaban hukumar gudanarwarsa, Akio Toyoda, ya ce a farkon 2024 a ganinsa motar batir zalla ba za ta wuce kashi 30 cikin ɗari na kasuwar duniya ba. Za ka iya cewa ya yi kuskuren lamba. Ba za ka iya cewa bai san abin da yake yi ba, tunda tun daga 2020 babu kamfanin da ya kai nasa sayar da mota a duniya, kuma daga 2021 sama da miliyan 10 yake sayarwa kowace shekara.

To me ya kashe Nokia? iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo a 2008, Nokia ta riƙe manhajarta ta Symbian har kasuwa ta gudu ta bar ta, ƙarshe ta sayar wa Microsoft da sashen wayoyinta a 2014. Amma ka lura da abu ɗaya. Ranar da ka ajiye Nokia ka ɗauki Android, soket ɗin da kake caji bai canza ba, layinka bai canza ba, mai cajin naira hamsin na bakin titi ma yana nan. Duk abin da sabuwar waya take buƙata, ta tarar da shi a ƙasa. Motar lantarki kuwa sai an gina mata duniyarta tukuna: wuta tsayayya, tiransifoma mai ɗauka, wuraren caji a kan hanya, makanikai masu ilimi, da kayan gyara.

Bari mu yi lissafi da yaren da muka sani. Wayar da take da batir 5000mAh tana riƙe wajen wat 19 na awa ɗaya. Matsakaiciyar motar lantarki tana da batir mai cin yunit 60, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Wato batirin waya sama da 3,000 ke nan a ƙarƙashin kujera. In ka jona ta a soket ɗin gida na yau da kullum, cikawa daga ƙasa zai ɗauki fiye da awa 24, kuma wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. In ƙaramin janareta ne mai ba da kilowat ɗaya, awa 60 ne, kwana biyu da rabi kana zuba masa fetur ɗin da ka ce ka gudu daga gare shi. Ƙasar da take da mutum sama da miliyan 200 amma wutar da take rabawa tana yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ita za a ce kowa ya koma batir? Ku tuna Oktoba 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, akasarin Arewa ta yi sama da mako a duhu. Wayoyi ma layi suke yi a wurin caji. Ina ga mota?

Masu zancen Nokia sukan ce ai doka ce za ta tilasta, Turai ta hana fetur daga 2035. To mu duba dokar da kyau. Tarayyar Turai ba ta ƙirga mota ɗaya-ɗaya, tana duba matsakaicin hayaƙin duk motocin da kamfani ya sayar a shekara. Daga 2025 iyakar ita ce wajen giram 94 na iskar kabon a kowace kilomita, kuma tarar Yuro 95 ce a kan kowane giram da aka haura, a kan kowace mota. Kamfanin da ya cika kasuwa da haibirid mai shan mai kaɗan, matsakaicinsa yana sauka ba tare da ya dogara ga motar batir sosai ba, kuma abin da Toyota ta daɗe tana yi ke nan. A 2023 aka tabbatar da dokar cewa daga 2035 sabuwar mota ba za ta fitar da hayaƙi ba ko kaɗan. Ba a je ko'ina ba, a 2025 aka sassauta wa kamfanoni, aka ce a haɗa lissafin shekara uku wuri ɗaya, sannan a Disamba hukumar Tarayyar ta kawo shawarar a mayar da burin 2035 kashi 90 maimakon 100.

Ingila ta ce 2030, Rishi Sunak ya mayar da shi 2035 a 2023, gwamnatin da ta gaje shi ta dawo da 2030 amma ta bar haibirid har 2035. A Amurka, rangwamen dala 7,500 da ake yi wa mai sayen motar lantarki ya ƙare a ƙarshen Satumba 2025, an soke izinin da jihar Kalifoniya take da shi na hana sayar da motar fetur, an kuma cire tarar da ake ci kamfanonin da suka gaza cika ƙa'idar shan mai. Kamfanonin da suka ɗora duk kayansu a kan jakin doka, yaya suka ƙare? Volvo ta janye alkawarinta na komawa lantarki zalla a 2030. Ford ta soke babbar motar lantarki mai layin kujeru uku a 2024, daga baya ta tsayar da F-150 Lightning mai batir zalla. Doka a hannun 'yan siyasa take, zaɓe ɗaya yana juya ta. Masana'antar mota kuwa, sai ta yi shekara huɗu ko biyar tana shirya mota ɗaya.

Akwai kuma hujjar da Toyota ta raba wa dillalanta a Amurka, wadda ake kira 1:6:90. Ma'adinan da za a yi batirin motar lantarki ɗaya mai dogon zango, za su isa a yi haibirid mai soket 6, ko haibirid na yau da kullum 90. Batirin Prius bai kai yunit 2 ba. In burin shi ne a rage ƙona mai da gaske, wanne ya fi, mutum ɗaya mai kuɗi ya daina shan fetur kwata-kwata, ko mutum 90 kowa ya rage kaso mai tsoka? Na san kamfani ne yake kare kasuwarsa, ba sadaka yake yi ba, kuma an sha sukar Toyota da kamun ƙafa wajen gwamnatoci don a sassauta dokokin hayaƙi. Amma son kan mai magana ba ya ɓata lissafi in lissafin daidai ne.

Kada wani ya ce na ce motar lantarki ƙarya ce. A Nowe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir zalla ne. A Sin kusan rabin sababbin motoci na jonawa ne. Habasha ta hana shigo da motar fetur a 2024, amma ita tana da madatsar ruwa mai ba da sama da megawat 5,000 ita kaɗai, kuma kuɗin shigo da mai ne yake cinye mata dala. Ko a nan gida, yunit 60 a farashin Band A bai kai naira 15,000 ba, kuma zai kai ka wajen kilomita 350, tafiyar da motar fetur za ta sha lita 30 ko fiye. Wanda yake da sola mai ƙarfi a gida, yana zagaye cikin gari kawai, ya ci riba. Adaidaita sahu da babur masu batir, waɗanda ake iya canza musu batir a tasha, su kam ina ganin lokacinsu ya yi. A Maiduguri gwamnatin Borno ta sa motocin haya na lantarki a titi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki abin da ya dace da mai sola a unguwar masu hali a ce shi ne makomar direban da yake Kano zuwa Gusau kullum.

In ana neman darasi daga kasuwar waya, ga na gaskiya. Wa ya ci kasuwar Afirka bayan Nokia? Ba iPhone ba ce. Tecno da itel da Infinix ne, na kamfanin Transsion, da suka zo da sim biyu, batir mai daɗewa, kamara mai fito da baƙar fata, da sikirin da za ka samu a Farm Centre da kuɗi kaɗan. Wanda ya duba yanayin mutane shi ya ci. Har kamfanin BYD da ake yi wa Toyota gori da shi, wanda ya fara a 1995 da ƙera batir, har ya sayar wa Motorola da ita kanta Nokia, ya daina ƙera motar fetur zalla a 2022, amma cikin motoci sama da miliyan 4 da ya sayar a 2024, fiye da rabi haibirid ne masu soket, da injin fetur a cikinsu. Gwanin batir na duniya ma bai jefar da injin ba.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Mu yawanci ba sabuwar mota muke saya ba, 'yar Kwatano ce ko Beljiyam. Abin da ake sayarwa sabo a Amurka yau, shi zai sauka a tasharmu nan da shekara takwas ko goma. Camry ta 2025 a Amurka duk haibirid ce, babu mai fetur zalla. RAV4 ta 2026 ma haka. Ke nan magajiyar Camry Muscle da muke ji da ita, da batir za ta zo, ko muna so ko ba ma so. Kuma duk wanda ya taɓa sayen iPhone ta hannu ya san ma'anar lafiyar batir kashi 78. A waya, canjin batir ɗan kuɗi ne. A motar batir zalla da ta shekara goma, batirin yana iya cin kuɗin da ya kusa na motar. A haibirid kuwa ƙarami ne. Na Prius na da, guntu 28 ne a jere, kowanne bolt 7.2, ana iya gwada su ɗaya-ɗaya a gano wanda ya mutu, kamar yadda muke yi wa batirin laftof.

Don haka shawarata ga mai niyyar sayen haibirid ta hannu: kada ka yi cinikin biri a sama. Sayi ɗan na'urar OBD2 mai Bluetooth, ka jona a ƙarƙashin sitiyari, ka sauke manhaja irin Dr. Prius ko Car Scanner a wayarka, ka duba ƙarfin kowane rukunin batir. In ka ga ɗaya ya yi ƙasa sosai da 'yan uwansa, a rage maka kuɗi ko ka haƙura. Ka duba fankar da take sanyaya batirin, galibi kusa da kujerar baya take, don ƙurar hunturu tana toshe ta, zafi kuma shi ne babban maƙiyin batir, a waya ko a mota. Sannan duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin motar, kada ka taɓa. Sama da bolt 200 ne, yana kisa.

Ku kuma 'yan uwana makanikai da masu wayarin na Ƙofar Ruwa da Panteka, ku ne nake ji wa tsoro, ba Toyota ba. Mun ga masu gyaran rediyo da suka raina waya, yau ina suke? In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku koyi karanta kwamfutar mota, ku koyi aiki da mita, ku sayi safar hannu ta wuta mai ƙarfi tun kafin motocin su cika gari. Mu ma masu gyaran waya akwai abinci a nan, don allon lantarki da batir ba baƙonmu ba ne.

Wanda bai yarda da ni ba, bismillah, ya kawo nasa lissafin: a ina zai yi caji, awa nawa, kuma wa zai gyara masa in ta tsaya tsakanin Zariya da Funtuwa. Ku tura wa makanikenku wannan rubutu ya karanta.