Motar Da Ta Daɗe Tana Barci Ba A Tashinta Da Makulli

A cikin shekarar 2014 ne labari ya bazu a ƙasashen Turai cewa an gano waɗansu tsofaffin motoci kimanin 60 a wani gida na ƙauye a yammacin Faransa, galibinsu a ƙarƙashin rumfunan kwano, tsatsa ta ci su. Motocin na wani attajiri ne mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, wanda ya tara su da niyyar buɗe gidan tarihi, amma karayar arziki ta hana shi. A cikinsu har da wata Ferrari 250 GT California ƙirar 1961, wadda aka tarar an tula mata tsofaffin mujallu a bisa. Da aka yi gwanjonta a birnin Paris cikin watan Fabrairu na 2015, kuɗinta sai da ya haura Yuro miliyan 16.

To, duk wanda ya yi gamo da irin wannan mota, abin da zuciyarsa za ta fara raya masa shi ne ya nemo batir, ya zuba mai, ya murɗa makulli ya ji kukanta. Nan kuwa asara take. Ɓarnar da shekara talatin ta ajiya ba ta yi ba, minti ɗaya na gaggawa yakan yi ta. Saboda haka gwanin makaniki, in aka kira shi kan irin wannan aiki, yakan fara ne da zare makullin ya jefa aljihu.

A ɗauki misalin Jaguar E-Type, motar gudu ta Ingila wadda aka fara nuna wa duniya a birnin Geneva cikin watan Maris na 1961, aka kuma ƙera fiye da guda 70,000 a birnin Coventry. Ƙirar farko tana da injin mai silinda shida da kafreta uku. Idan irin wannan injin ya shekara da shekaru a tsaye, baƙin mai duk yakan tsiyaye ya koma ƙasa, ya bar ƙarfe da ƙarfe a bushe. Raɓa kuma takan shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, tsatsa ta kama zoben fistan ta manne shi da bangon silinda. Wanda ya tilasta wa injin juyawa a wannan hali, ko dai zoben ya karye ya karce bangon, ko kuwa fistan ya doki bawul ɗin da ya maƙale ya lanƙwasa shi.

Hanyar da masana ke bi ita ce a kwance fulogogi duka shida, a zuba ɗan mai mara kauri a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu yana ratsawa. Sa'an nan a sa sufana a juya injin da hannu, sannu a hankali. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, an tsallake siraɗi na farko. In ya ƙi, ba a yi masa dole, sai a ƙara mai a ƙara haƙuri, in ta kama a buɗe kan injin a duba. Bayan haka a zubar da tsohon baƙin mai a dube shi da kyau. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga ke nan, kuma ana zargin gaskit, domin kan wannan injin na alminiyam ne, gangar jikinsa kuwa baƙin ƙarfe, tsohon ruwan lagireto kuma yakan cinye alminiyam daga ciki.

Fetur shi ma ba ya jure zama. Yakan rikiɗe ya zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai ɗoyi, ya toshe ƙananan hanyoyin kafreta. Dole ne a sauke tanki a wanke, a kwance kafretocin nan uku a tsabtace, a kuma sauya kowane tiyo na roba ko da a ido yana da kyau. Dalili kuwa shi ne, tun watan Satumba na 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a Ingila yana iya ƙunsar sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana cin tsohuwar roba. Tiyo ɗaya da ya tsage kusa da injin mai zafi ya isa ya mai da dukiya toka.

Akwai kuma wani tarko a wajen batir. E-Type ƙirar farko mai injin lita 3.8 an haɗa wayoyinta ne saɓanin motocin yau, watau kan batir mai alamar tarawa shi ake ɗaura wa jikin mota. Sai a 1964, da aka fito da injin lita 4.2, aka juya tsarin. Wanda bai san haka ba ya haɗa yadda ya saba, yana iya ƙona kayan wutar motar. Har ila yau a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, gama motar da aka ajiye gidan ɓera ce.

In an gama waɗannan, sai a zuba sabon baƙin mai, a juya injin da batir alhali fulogogi suna waje, har allurar mai ta motsa, alamar mai ya kai ko'ina. A nan ne kuma ake auna ƙarfin matsin kowace silinda, ana so kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100. Sai bayan haka ne makulli zai fito daga aljihu.

Amma fa tashin injin ba shi ne gama aiki ba, domin motar da mujallun Ingila suka auna gudunta ya kai wajen mil 150 a sa'a guda, tsayawarta ta fi tafiyarta muhimmanci. Man birki yana shan danshin iska, ya sa tsatsa a cikin bututu, ta yadda birki zai kama a cikin gareji, ya saki a bisa titi. Birkin baya na E-Type kuwa ba a jikin taya yake ba, yana can ciki a tsakiyar mota, har yakan sa a sauke dukan ƙafafun baya kafin a yi masa gyara sosai. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mai son banza yakan tsallake shi, alhali a kansa rai ya rataya. Tayoyi ma, kome kyaun zanensu, robarsu ta bushe, sai a sauya. A ƙarshe a leƙa ƙarƙashin ƙofofi, domin gaban gilashi zuwa baya motar ba ta da wani kwarangwal dabam, bodin ne ke ɗauke da ita, in tsatsa ta cinye wurin nan ƙarfinta ya tafi.

Wannan ƙa'ida ba ta motocin attajiran Turai kaɗai ba ce. Duk wanda ya gaji tsohuwar motar mahaifinsa da ke kan duwatsu a bayan gida, haka ya kamata ya bi da ita. Motar da ta yi haƙurin shekara ashirin, ba za ta gaza haƙurin mako biyu ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.