Ra'ayi: Wane Ruwa Ne Ya Dace da Koyon Riƙe Numfashi?

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san wasan nan. Yara kan shiga ruwa su yi da'ira, ɗaya ya toshe hanci ya yi kurme, sauran suna ƙirge, wanda ya fi daɗewa kuma shi ne gwanin ranar. Ana yin sa a Kogin Binuwai a Garwa, ana yin sa a gaɓar tafkin Lagdo, ana kuma yin sa a rafukan da suka kewaye Ngawundere. Wannan wasa na yara ya daɗe da zama gasa ta duniya mai dokoki da alƙalai. Ƙungiyar AIDA, wadda aka kafa a 1992, tana kula da gasannin nutso ba tare da tukunyar iska ba, kuma ɗaya daga cikin fannoninta shi ne mutum ya kwanta rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a nutse, bai motsa ko yatsa ba, har iyakar ƙarfinsa. A 2009 wani Bafaranshe mai suna Stéphane Mifsud ya yi minti 11 da daƙiƙa 35 a haka, a 2013 kuma Natalia Molchanova 'yar ƙasar Rasha ta yi minti 9 da daƙiƙa 2.

Tambayar da nake son mu tattauna a darasin yau ita ce: wane irin ruwa ne ya fi dacewa da mai koyon wannan fanni, mai sanyi ko mai ɗumi? Abin da aka fi ji a bakin samari shi ne, ruwan sanyi ke ƙara juriya, don haka mai son zama gwani sai ya yi sammako ya faɗa rafi da sanyin asuba. Ni ina ganin wannan magana rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari a baya shi ne wanda ke cin rai.

Harshen Hausa kansa ya ba mu mabuɗin zancen, domin ya bambanta sanyi da ɗari. Sanyi yakan zo da alheri: mukan ce an sanyaya wa mutum zuciya, ko ya ji sanyi a ransa. Ɗari kuwa shi ne na hunturu, mai sa haƙora haɗuwa, mai sa jiki makyarkyata, kuma ba a taɓa yi wa mutum addu'a da shi ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, mai riƙe numfashi yana bukatar sanyi a fuskarsa, amma kada ɗari ya kama jikinsa.

Bari mu fara da rabin da samari suka yi daidai. Allah ya halicci ɗan Adam da wata ɗabi'a wadda yake tarayya a cikinta da dabbobin ruwa masu shayarwa, irin su dorinar da ake gani a Binuwai, wadda kan yi kamar minti biyar a nutse. Da zarar ruwa mai sanyi ya taɓa goshi da kewayen idanu da hanci, mutum kuma ya ɗauke numfashi, sai bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin jini na hannuwa da ƙafafu su tsuke, jinin ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya, saifa kuma ta matse ta sako ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Duk wannan tsimi ne jiki ke yi da iskar oksijin. Kuma gaskiya ne ruwan da ya gaza digiri 21 a ma'aunin Salshiyas ya fi ruwan ɗumi tayar da wannan ɗabi'a. A nan maganar samari ta tsaya da ƙafarta.

Sai dai mai wannan fanni ba fuskarsa kaɗai ke cikin ruwa ba, kuma ba ya motsi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da ninki kusan 25. Mutumin da ke zaune tsit a ruwa ba riga, sai ruwan ya kai kimanin digiri 34 zuwa 35 ne jikinsa zai daina asarar ɗumi. Ƙasa da haka, a hankali jiki ke hucewa, in ya huce kuma sai tsoka ta fara rawa don ta samar da zafi. Rawar ɗari aiki ce, aiki kuma oksijin yake ci, har yakan ninka abin da jiki ke ci a lokacin hutu sau biyu ko fiye. Ashe ke nan ribar da fuska ta samo, jiki ya cinye ta har da uwar kuɗi. Ban da wannan, faɗawa cikin ruwa mai tsananin sanyi, kamar digiri 10 zuwa 15, yakan sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ya kama haki, wanda kuwa ya ja irin wannan numfashi kansa na cikin ruwa, ruwa ya shaƙa.

Ruwan zafi ma ba mafita ba ne. Idan ruwa ya yi ɗumi ƙwarai, jijiyoyin fata sukan buɗe, zuciya ta ƙara gudu, wato kishiyar abin da ake nema. Shi ya sa masu wannan fanni suke neman tsaka-tsaki. Wuraren iyo na gasa akan ajiye ruwansu tsakanin digiri 25 da 28, wanda ya yi wa mai iyo daidai saboda yana motsi, amma mai kwanciya tsit yakan sa rigar roba ta nutso ko da a cikin irin wannan ruwa, ya bar fuskarsa a buɗe. Ga wanda ba shi da rigar, ni ina ganin ruwan da ke kusa da digiri 30 shi ne daidai, kuma kada zaman ya yi tsawo.

To, mu dawo gida. Arewacin Kamaru wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin tafiyar yini guda ta raba yanayi biyu. Ngawundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga bakin teku, kuma safiyar watan Disamba da Janairu a can sai da bargo. Tafkin Tison da ke kusa da garin tsohon bakin dutse mai aman wuta ne, irin wannan tafki kuwa gaɓarsa kan gangara da sauri, ruwan ƙasansa kuma ya fi na samansa sanyi. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: a tsayin Ngawundere, kowane numfashi yana ɗauke da oksijin da ya gaza na Garwa da kusan kashi ɗaya cikin goma, saboda raguwar nauyin iska. Saurayin da ya saba yin minti biyu a Garwa, in ya hau tudu ya ce sai ya maimaita a ruwan hunturu, ya haɗa wa kansa ƙarancin iska da ɗari a lokaci guda.

Garwa kuwa tana cikin kwarin Binuwai, inda zafin watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40. A can matsalar ba ɗari ba ce. Ruwa mara zurfi da ya wuni a rana yakan yi ɗumi har ya wuce kima, kogin kuma yana da igiya, da laka mai hana ganin ƙasa, da dorina, ruwan kwance kuma ba a rasa shi da tsargiya. Tafkin Lagdo, wanda aka samar da madatsar da aka gina tsakanin 1977 da 1982, ya tara masunta daga Kamaru da Nijeriya da Chadi, kuma masunci yakan yi nutso don kwance komarsa in ta sarƙe. Wannan nutso ne na sana'a, ba wanda ya isa ya hana shi. Amma wurin sana'a daban, wurin koyo daban.

Na san wani zai ce: ai matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda ake kira Haenyeo, sun shekara ɗaruruwa suna nutso a teku har da lokacin sanyi, kuma su ne gwanayen duniya. Haka ne. Amma nutsonsu gajere ne, na minti ɗaya zuwa biyu, suna motsi a cikinsa, kuma a da sukan fito su ji ɗumin wuta a bakin gaɓa kafin su koma. Da rigar roba ta iso musu a shekarun 1970, ba su tsaya jayayya ba, suka ajiye tufafin auduga suka sa ta. Idan waɗanda suka gaji nutso kaka da kakanni sun guji ɗari da suka sami hali, ban ga dalilin da zai sa ɗan koyo ya neme shi da gangan ba.

Wani kuma zai ce: mu ina muka ga ma'aunin zafin ruwa? Jikinka ya isa ma'auni. Shiga ruwan da bai wuce ƙugu ba, ka durƙusa har ya kai ƙirji, ka zauna tsit na minti goma. Idan tsigar jikinka ta tashi, ko haɓa ta fara rawa, ko kafaɗu suka ɗaure, ruwan ya yi maka sanyi, ka fita. Idan kuwa ka ji kasala da bugun zuciya, ya yi zafi. A Ngawundere lokacin da ya fi shi ne tsakanin azahar da la'asar a watannin bazara, a Garwa kuwa da hantsi, kafin rana ta dafa ruwan. Mafi aminci ma shi ne a fara a tudu, a kwance bisa tabarma, da tsumma mai sanyi a goshi, domin wanda ya suma a tabarma yakan farfaɗo da kansa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi zafin ruwa muhimmanci. Abin da ke matsa wa mutum ya yi numfashi shi ne taruwar iskar kabon a cikin jini, raguwar oksijin kuwa ba ta cika yin sallama ba. Yaran da ke jan numfashi da sauri-sauri kafin su nutse suna korar kabon ne, wato suna kashe mai gargaɗi, sai oksijin ya ƙare ba su ji komai ba, su suma a cikin ruwa shiru, ba ihu ba fafutuka. Abokai na can suna ƙirge suna yaba gwani. Shi ya sa a gasar duniya akwai mai tsaro tsaye kusa da ɗan wasa, yana taɓa kafaɗarsa lokaci-lokaci, shi kuma ya amsa da yatsa. In bai amsa ba, nan take a ɗago fuskarsa. In ya fito da kansa ma, yana da daƙiƙa 15 ne kacal ya cire abin da ke fuskarsa, ya yi alama da hannu, ya faɗa da baki cewa lafiya lau yake, in ba haka ba a soke sakamakonsa. Wanda ya iya minti 11 ma ba a barinsa shi kaɗai, balle mai minti ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ke ci a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane asara. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da wannan musiba. Hana yara shiga ruwa ba zai yiwu ba, kuma ba shi da amfani, domin ɗan bakin kogi da bai iya iyo ba ya fi kowa zama cikin haɗari. Abin da za mu iya shi ne mu gyara musu dokar wasan: ruwa iya ƙugu, mai tsabta da ake ganin ƙasansa, wanda ba ya sa rawar ɗari, ba jan numfashi da sauri kafin nutso, mutum ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsaye hannunsa a kafaɗarsa. Sarakunan ruwa da malaman makaranta da iyaye su ne suka fi cancanta su isar da wannan, tunda su yara ke ji.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ku lura, ya ku ɗalibai, karin maganar bai ambaci daɗewa a ƙasa ba, fitowa ya ambata. Allah ya tsare mana yaranmu, ya kuma sa mu amfana da abin da muka karanta.